Hancin Kawu da Injin Jirgina

Jiya warin kananzir ya tuna mini da Kawu, mutumin da bai taɓa yarda da abu mai ƙyalli ba.

Wata uku na yi a Ruwais ina haɗa ɗan jirgin sama, irin wanda ake riƙewa da igiyar waya yana kewaya mutum. Saura inji, sai Kawu ya raka ni kanti. Mai kanti ya miƙo wani, yana rantsuwa sabo ne dal.

Kawu ya murza farfelar, ya kai hanci.

"Sabo, kuma yake warin kananzir? Wanke shi aka yi. Yalla, mu tafi."

Har gida ina kumbure-kumbure. Maƙwabcinmu ya saya, ranar farko injin ya mutu a sama, jirgin ya tarwatse.

Allah ya sa ƙamshin Aljanna hancin nan yake shaƙa.