Falle na Tara

Ku da kuke karanta wannan, na rantse da Wanda raina ke hannunSa ban ƙara ko ɗigo ba. Abin ya faru da ni a tsohon Zongon Lome, kafin hukuma ta rushe shi, a zamanin da jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, mutum ba ya faɗin abin da ke ransa sai ya waiga hagu da dama. Ina haya a gidan wani Alhaji mai saukar fatake, wanda kuma shi ne idon jam'iyya a unguwarmu. Sana'ata rubutu ce: in rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, in karanta musu wadda aka aiko.

Cikin masu zuwa wurina akwai Inna Rabi mai sayar da wake da shinkafa a bakin masallaci. Mijinta Ɗanjuma farken goro ne, ya bar ta a arewa ya sauka a gidan Alhajin nan, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Alhaji ya ce ya tsallaka Gana. Ta biyo sawunsa har Lome ta zauna, shekara goma sha ɗaya, ba ta yi takaba ba, ta kuma ƙi zuwa gaban malamai a raba auren. Wasiƙarsa ta ƙarshe tana ƙulle a bakin zanenta, duk bayan 'yan watanni sai ta kawo mini.

"Malam, sake karanta mini. Wataƙila akwai inda ka tsallake."

Na karanta ta har na haddace, na san hannun mutumin nan kamar nawa, yadda yake kwantar da harafin kafi da yadda alƙalaminsa ke karce takarda.

To, akwai Abdu, ɗan wani abokina, wanda ya yi makarantar Faransanci yana aiki a wata maɗaba'a a unguwar Hanukope. Shi da abokansa suka ƙudura haɗa littafin labaran kisa da sata da bin sawun mai laifi, na ƙirƙira, daga zongunan Lome da Ankara da Kumasi da Kwatano. Suka aika saƙo ko'ina, labarai suka zo, da yawa da ajami, su kuwa ba su iya karanta shi ba. Sai ya kawo mini ɗauri guda in mayar da su boko.

"Baba, ka gyara mana, amma kada ka sa wa'azi a ciki. Na san halinka."

A tsakiyar ɗaurin na tarar da falle bakwai babu sunan marubuci. Mu da muka yi karatun zaure mun san ba a ɗinke littafi. A ƙasan kowane falle ana rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita, don kada tsari ya rikice. Da haka na jera su na fara karantawa, da hantsi, rana ta fito sarai, mata na daka a tsakar gida. Labarin wani baƙo ne da ya sauka da huhun goro a gidan mai saukar fatake, aka kira shi ɗakin ajiya wai a duba kaya, aka rufe ƙofa. Ya kwatanta rijiya mai tsagaggen baki, da bishiyar mangwaro da ta karkata kan katanga. Na ɗaga kai, ga rijiyar, ga mangwaron. Na sake duban rubutun, sai na gane hannun Ɗanjuma ne, don kuwa kafin nan a kwance yake. A ƙasan falle na bakwai an rubuta: Sunansa.

Na je na sami Abdu na tambaye shi wa ya aiko wannan. Ya juya takardun ya ce shi da kansa ya jera ɗaurin, bai taɓa ganinsu ba. Da na ba shi labarin a taƙaice, idonsa ya yi haske.

"Wannan ai ya fi duka, Baba. Ina ƙarshensa? Ka nemo shi, shi za mu sa a farko."

Ban gaya masa hannun wa na gani ba.

Kwana uku bayan haka, na dawo daga sallar azahar na buɗe gafakata, wadda na ɗaure da hannuna na kulle ɗaki a kanta, sai ga falle na takwas a sama. Wallahi tawadar ba ta bushe ba, har ta ɓata mini ɗan yatsa. Ya fara da kalmar nan, ga cikakken sunan Alhaji mai gidana da na ubansa. Sauran fallen duk roƙo ne: a gaya wa Rabi ta yi takaba, a gaya mata ta daina jira. A ƙasa kuma: Wurin. Wato na tara zai faɗi inda aka sa shi.

A nan ne na yi abin da nake kuka da shi har yau. Na tuna mutanen da Alhaji ya nuna wa jandarma da baki kawai, aka tafi da su, wasu suka dawo ba haƙora, wasu ba su dawo ba. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a gidansa. Na ce wa kaina labari ne, labarin ƙirƙira aka nema. Na so in ƙona takardun, amma kowane falle da bisimilla ya fara, ba zan iya sa musu wuta ba, ba zan jefa su a juji ba. Sai na yi yadda aka koya mana: na wanke su ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙwarya, na nemi wurin da ƙafa ba ta takawa, wani lungu tsakanin rijiya da katanga, na zuba ruwan a can. Na ce wa Abdu akuya ta cinye su. Ya yi fushi, littafinsu ya fito ba tare da shi ba.

Lungun nan bai sake bushewa ba. Rani ya zo ya wuce, ƙasar wurin baƙa ƙirin, da danshi, daidai faɗin tabarmar salla. Inna Rabi kuwa ta ci gaba da zuwa, ina karanta mata wasiƙa kaina a sunkuye. Zuwanta na ƙarshe ta daɗe tana kallona.

"Malam, muryarka ta sake. Da can kana karantawa kamar zai dawo."

Na ce mura ce. Ta rasu kafin damina, da wasiƙar a bakin zanenta.

Ranar da katafila ta zo rushe unguwa, Alhaji ya riga ya kwashe iyalinsa. Ina tsaye da kayana a ka, bakin ƙarfen ya ci lungun nan, ya tono ƙasusuwan mutum da ragowar carbi. Ma'aikatan suka dubi juna, wani soja ya ce a ci gaba da aiki. Mu 'yan kaɗan muka tattara abin da ya samu muka yi masa sutura. Ko a nan ban buɗe baki ba.

Bayan mun tare a sabon Zongo, ina kwance littattafaina, na ga falle guda a cikin gafaka, fari fat, babu rubutu ko layi ɗaya, sai kalmar ƙasa da hannun nan mai kwantaccen kafi. Sunana ne. Na san ƙa'idar: falle na gaba da shi zai fara. Bai zo ba tukuna, na kuma tsufa, amma ban taɓa kwance igiyar gafakar nan ba sai na yi ta'awwuzi.

Jama'a, idan shaida ta faɗo hannunku, ku sauke ta tun mai ita yana raye. Ku sa Inna Rabi da Ɗanjuma a addu'a. In da saura, ku sa ni.