Dusar da Ragon Inna Ya Ci

Shekarun baya kaɗan, a bazarar da buhun taki ya zama sai wane da wane, na tattara komatsaina daga Kano na koma ƙauyenmu da ke gefen Ɗambatta. Ɗan kamfanin da nake rubuta wa manhaja ya rufe. Shekara biyu kacal na yi ina aiki, abin da na dawo da shi laftof ne da cikin da ba ya ƙin tuwo. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, gonar mahaifina kuwa ko kwano ɗaya na taki babu a ajiye.

Ana cikin haka wani kamfani na Legas ya neme ni. A gindin darbejiyar makarantar firamare na yi duk jarrabawarsu, don nan kaɗai sabis ke tsayawa. Allah ya sa na ci. Suka ce babban injiniya za su ɗauke ni, har da mutane a ƙarƙashina, kuma daga gida zan riƙa aiki. Sai matar da ke ɗaukar ma'aikata ta tambaye ni nawa nake so a biya ni.

Mu a wajenmu mutum ba ya yanka wa guminsa kuɗi. Ko taya maƙwabci aiki ka yi, cewa za ka yi a ba da abin da ya sawwaƙa. Ni kuwa gwanin tarbiyya, na washe baki na ce mata duk abin da suka bayar na gode. Washegari takarda ta iso: muƙamin manya, albashin ɗan koyo. Har da bayani wai ban daɗe a aiki ba, kuma rayuwar ƙauye ba tsada. Na ji haushi, amma tsoro ya fi haushin yawa. In na ce a ƙara, suka ce sun fasa fa?

Na faɗa wa mahaifina a tsakar gida, ya ce, "Karɓi abinka. Wa yake wasa da aiki a wannan marra?" Mahaifiyata tana jin mu, ba ta tanka ba. Ni ne ɗan farinta. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta zaunar da ni ta ba ni shawara.

Tana da wani rago da ta daɗe tana kiwo, wanda aka yanke za a sayar a sayi taki. Ran nan da la'asar dillali ya zo, na ja masa ragon zaure. Ya mammatsa gadon bayansa, ya taɓe baki, ya taya. Daga bayan katanga Inna ta ce, "Albarka." Ya ɗan ƙara. Ta ce, "Albarka."

Ya ce, "Haba Inna, kasuwa ta faɗi, kowa fitar da dabbarsa yake. Ragon ma dududu shekararsa nawa?"

Ta ce, "Malam, shekaru za ka yanka ko nama?"

Ya kaɗe riga ya tafi. Ni kuwa na san abin da ya rage a rumbu.

Da na mayar da ragon turke, ta zo da ƙwaryar dusa ta durƙusa gabansa. Ko kallona ba ta yi ba. Da ragon take magana, amma da ƙarfi: "Ci abinka. Ni na san dusar da ka ci, na san harawar da na ɗauko maka a ka. Wanda bai san abin da aka zuba maka ba, shi zai faɗi kuɗinka? In ba ya so, me ya kawo shi ƙofar gidanmu?"

Kunya ta rufe ni. Da safe na koma gindin darbejiya na rubuta musu tawa dusar: manhajar da na gina ni kaɗai, ranar da ta tsaya cak na tashe ta kafin masu saye su watse, sababbin da na koya wa aiki. Na ce aikin babba kuka ba ni, sai ku biya kuɗin babba. Na faɗi abin da wani abokina na Kano ya tabbatar min ana biya. Na tura.

Kwana uku shiru. Ni da ba na ƙin tuwo, sai ga shi ina barin shi a kwano. A na huɗu, ina gindin darbejiya, matar ta kira. Ba su kai inda na ce ba, amma sun matso kusa ƙwarai, suka ƙara da kuɗin sola. Albashina na farko ya riski noman fari, aka zuba wa gero taki a kan kari. Ragon bai je kasuwa ba.

Yanzu ni ma ina ɗaukar ma'aikata. Duk matashin da ya sunkuyar da kai ya ce min duk abin da muka bayar ya gode, sai in ji kamar ni ne a gindin bishiyar nan. Nakan ce ya je ya rubuto abin da ya iya, gobe mu yi ciniki.

Har yau mahaifiyata ba ta taɓa yi min zancen ba. Abin da kawai na samu shi ne ranar da aka kira ni, ina faɗa wa mahaifina, ta shafa wuyan ragon tana murmushi ta ce masa, "Ashe dai akwai mai kunne a gidan nan."