Takardu Biyun da Na Tsallake wa Goggo Hajo

Daminar bana ta cika shekara shida da rasuwar Goggo Hajo, ƙanwar mahaifina, wadda duk mai sayen shinkafa a unguwarmu ta Bagudo ya san turararriyar shinkafarta. Ban yi niyyar damun masu karatu da zancenta ba. Abin da ya taso da ni shi ne, watan jiya wata abokiyar aikina a makarantar firamare ta turo min ta waya littafi na goma, wato na ƙarshe, na wani dogon labari da ni da Goggo muka yi shekaru muna bi. Na buɗe da ɗoki, na karanta shafi uku, sai na kife wayar. Wallahi ban gane kowa ba. Wai wata Hajiya na kuka don wani Alhaji ya dawo, ni kuwa ban ma tuna ya yi tafiya ba.

Irin littattafan nan ne na Hausa masu fitowa kashi-kashi, waɗanda marubuciyar ke barin mutum a rataye a shafin ƙarshe. Mutanen Kano da Sakkwato wataƙila ba su san wahalar jira ba. Mu nan bakin iyaka sai mai shimfiɗa littattafai a kasuwa ya yi tafiya ya dawo, kuma sau da yawa ya dawo da "bai fito ba tukuna". Wata takwas, shekara, wani lokaci har fiye. Kafin sabo ya iso na yi jarrabawar ɗalibai sau uku, na yi goyo, na yaye, labarin ya bi iska.

Goggo ba ta yi boko ba, ni ke karanta mata. Bayan la'asar ne lokacinmu, shinkafa na shanye a tsakar gida, ita tana zaune kan kujera 'yar tsugunne da doguwar sandar korar kaji. Duk ranar da na shigo da sabon littafi sai na tsaya ina sosa kai, ina tambaya a ina ma muka tsaya. Ita kuwa ta harare ni.

"Ke Kulu, kanki rariya ne? Mi aka koya muku a kwalejin nan?"

Daga nan sai ta ɗauko labarin tun daga tushe: wa ya auri wa, wa ya yi wa wa ƙarya, har launin zanen da wance ta ɗaura ranar suna. Ni mai takardar shaidar malanta ina zaune baki buɗe.

Na daɗe ina mamakin yadda take yi, sai daga baya na gano. Ni sau ɗaya nake karantawa in jefa littafin bayan akwati. Ita kuwa duk ranar da ta kai shinkafa kasuwar Dole Kaina, matan da ke tsallakowa daga ƙasar Benin kan kewaye ta, ta ba su labarin da Hausa tana surkawa da Dendancinta na ciniki, yaren mutanen can. Kafin wani littafin ya fito ta faɗi na baya sau ashirin. To ina za ta manta?

Amma ba ciniki kaɗai ke kai ta Dole Kaina ba. Ɗanta namiji ɗaya ne, Buba. Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya tsallaka iyaka da kayan fatauci, ya ce mata kwana goma zai yi. Ba a ƙara ganinsa ba. Babu wasiƙa, babu gawa, babu wanda ya tsaya ya rantse ya gan shi. Duk baƙuwar fuskar da ta zo sayen shinkafa sai Goggo ta kwatanta mata shi, dogo, mai wushirya. A gida ta hana kowa taɓa akwatin tufafinsa, kuma wanda duk ya kuskura ya ce "marigayi" ya gama shan ruwan gidanta.

A cikin labarin da muke karantawa akwai wani saurayi, Sanda, shi ma ya bar uwarsa ya tafi neman arziki wata ƙasa. Ba sai na faɗa muku wanda Goggo ta fi so a duk littafin ba. Ranar da muke cikin littafi na huɗu, idona ya riga bakina zuwa ƙasan shafi, na ga kwale-kwale ya kife da Sanda, na ga kalmar gawa. Na yi tarin ƙarya, na haɗa takarda biyu na juya, na ce Sanda ya sauka lafiya ya shiga mota. Goggo ta ce, "Alhamdulillahi," ta kori kaza.

Na ɗauka taimako na yi. Ashe aiki na jawo wa kaina, don a na biyar da na shida duk inda aka ambaci rasuwarsa sai na yi tsalle, in ƙago cewa ya aiko da gaisuwa. Abin dariya kuma abin kunya, da jiran ya yi tsawo, kuma Goggo ce ke tuna min labarin duk lokacin da sabo ya zo, sai ƙaryata ta riƙa dawo min daga bakinta a gyare, da kwalliya. Ta ce Sanda na can yana sayar da atamfa, ni kuma in gyaɗa kai. Na rantse har na manta ni na raya shi.

Na bakwai ya fi kowanne daɗewa, ya haura shekara. Ranar da ya iso ina karatu ina sauri don ɗoki, sai kawai na ji bakina ya ce, "suka wuce ta ƙofar ɗakin marigayi Sanda."

Sandar korar kaji ta tsaya cak. Goggo ta ce in maimaita. Na fara kame-kame, wai kuskuren masu buga littafi ne.

"Kulu, ban iya karatu ba, amma ina da kunne," in ji ta. "Ranar na huɗu kin haɗa takarda biyu kin juya. Ƙarar ɗaya daban, ta biyu daban. Shekara uku ke nan ina jiran ranar da za ki hwaɗa mini."

Na ce, "To Goggo, don me ba ki yi magana ba?"

"Ban shirya ji ba." Kaji na ta cin shinkafa ba ta ko dube su ba. "An ga gawarshi?"

Na ce an gani.

"To uwarshi ta hi ni sa'a. Tashi ki ɗauko na huɗun ki karanta mini yadda ta yi. Ina son in ji yadda ake yi."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, domin na huɗun ba ya hannuna. Na ara wa wata 'yar'uwarmu a Kaoje, ruwa ya shiga gidajensu da damina, ya tafi da shi tare da tabarmi da tukwane. Na yi ƙoƙarin tunowa, amma me zan tuno? Kallo ɗaya na yi wa shafukan shekara uku baya. Da na buɗe baki zan fara, sai ta ɗaga min hannu: "Kada ki ƙara mini naki. Na littafin nika so."

Na nema, Allah ya sani. Mai littattafan kasuwa ya ce tsofaffin kashi ba a sake buga su. Na aika Birnin Kebbi, na tambayi malamai mata har na zama abin tsokana, ana ce min ga mai neman na huɗu. Mai na uku da na biyar na samu, mai na huɗu babu. Mun karanta na takwas tare, tana saurare, amma ba ta ƙara tambayata ba, ni ma ban ƙara tayarwa ba. Na dai tambaye ta ko ta gyara wa matan Dole Kaina labarin. Ta ce, "Bar su. Can Sanda na da rai." Kafin na tara ya iso Bagudo ta kwanta ciwon kwana tara, Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu nakan zauna ina tunanin abin da za ta ce da ta ga zamanin nan. Labari na shigowa waya kullum, shafi-shafi, har akwai masu karantawa da murya mutum ya saurara yana tankaɗe. Da ba ta buƙace ni ba ke nan, kuma da babu mai tsallake mata komai. Ko za ta so hakan? Rabin zuciyata na cewa za ta rungumi wayar ta manta da ni. Ɗaya rabin na cewa za ta taɓe baki, don labarin da ba a jira shi ba yaushe za a samu sararin kai shi kasuwa a faɗa wa wasu? Na ga 'yan matan yanzu na cinye littafi goma a mako, ka tambaye su sunan uwar jarumar su yi ta kallon sama. Wani abin da ke ba ni mamaki kuma, waya ba ta da ƙarar takarda. Da a waya nake karanta mata, da har ta koma ga Allah ba ta kama ni ba, kuma ban san ko hakan ya fi mata alheri ba.

Abokiyar aikin nan tawa da na ba ta wannan labari, kwana biyu kawai ta yi ta samo min na huɗun, a wani zauren masu karatu inda wata baiwar Allah ta ɗauki hoton tsofaffin littattafai shafi-shafi. Abin da na yi shekaru ina nema! Na kai shagon kwamfuta aka buga min takardu biyun nan, na nufi gidan Goggo bayan la'asar. 'Yarta Asabe ce a gidan yanzu, ita ta gāji tukunyar turara, ita ta gāji akwatin Buba, wanda ko bayan rasuwar uwar ba ta iya buɗewa ba.

Na san Goggo ba ta ji, addu'a ce kaɗai ke isa gare ta. Asabe ce na karanta wa. A shafukan, masunta suka tsamo gawar Sanda, aka kawo shi gida. Uwar ta roƙi a bar ta ta gan shi, ta dafa goshinsa, ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Bayan kwana uku ta raba wa abokansa tufafinsa, ta riƙe hula ɗaya. Shi ke nan fa. Abin da na ɓoye wa Goggo ke nan, wai ni mai tausayi.

In an tambaye ni abin da ya rage na Goggo Hajo, zan ce akwai shinkafar da har yau ake kira da sunanta ko da Asabe ce ta turara, akwai kuma wasu tsofaffin mata a hayin iyaka da ke da tabbacin Sanda na sayar da atamfa. Littafi na goma kuwa yana nan cikin waya ban koma kansa ba, don babu mai ce min rariya ta tuna min inda muka tsaya. Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da ɗanta inda ba a rabuwa.

Da na gama karatun ranar, Asabe ta miƙe tsaye. Ta miƙa min sandar korar kaji, ta shiga ɗaki, na ji tana jawo akwatin. Ranar Juma'a muka raba tufafin Buba sadaka. Hularsa ɗaya tana wurin Asabe.