Ranar da Hajja Ta Yi Barci a Mota

Ko me zan manta a shekarun rikicin nan, ban da ranar da na ɗauko tsohuwar wagon ɗina daga garejin gyara na saka mahaifiyata a ciki.

Motar ta tsufa, ban musa ba. Injinta lafiya lau, amma bayanta ya zauna kamar an loda mata siminti, ko da kuwa babu komai a but. A Maiduguri ta lokacin, motar da bayanta ya zauna abar tuhuma ce, don ana zargin bam ta ɗauko. Tun daga nesa soja zai ɗaga hannu, kowa ya fito, a buɗe ko'ina.

Hajja kuwa, mahaifiyar tawa, ta karye a ƙugu ne ranar da suka gudo daga garinmu. An yi mata aiki, likita ya ce sai an riƙa kawo ta gashin ƙashi, in ba haka ba ta daina tafiya ke nan. Zuwanmu na farko daga unguwarmu Moduganari, kowane rami sai da ta ji shi a ƙashinta. A shinge kuma aka ce mu fito da ita. Na ciccibe ta a cikin rana tana kuka, matar da ban taɓa ganin hawayenta ba. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Da muka koma gida ta ce, "Na yafe tafiyar. Ka bar ni a tabarmata."

Ni kuwa na san ba asibitin take gudu ba, motar ce. Matata ta ce in sayar da ita kawai, ko in yi mata fenti sojoji su daina raina ta. Na ce fenti ba ya ɗaga baya.

Na kai ta wurin wani bakanike Babarbare a bayan Kasuwar Kwastam. Ya danna bayan motar da hannu, ta yi ta rawa ta ƙi tsayawa.

"Wushe, sannu Malam. Shokozoba biyu na baya, ka tafi abinka."

"A'a, duka huɗun. Da sifirin, da bushin. Kuma masu laushi nake so, ba na 'yan lodin kifi ba."

"Motar nan ta kai a yi mata haka?"

"Wadda za ta hau ta kai."

Na tsaya a kansa har aka gama. Motar ta miƙe tsaf, sitiyari ya daina ja gefe. Sai dai shawo kan Hajja ya fi gyaran wuya. Daga ƙarshe na ce mata in ta ji ciwo kafin bakin layi, wallahi zan juyo. Ta harare ni, ta ce a kawo mayafinta.

Muka wuce bakin layi ba ta ce komai ba. Muka wuce ramukan da suka sa ta kuka. Na kutsa tsakanin durom-durom na shinge, motar tana bin hannuna yadda nake so. Sojan da ya saba fito da mu ya matso, ya dubi bayan motar, ya leƙa ta taga. Na buɗe baki zan gaishe shi sai ya ɗora yatsa a leɓensa.

"Mama dey sleep," ya faɗa a hankali, ya yi min alamar in wuce.

Na waiwaya. Hajja ta jingina kai da gilashi, carbi ya zame mata a cinya, tana barci. Tun gudowarsu ba ta taɓa yin barcin kirki ba, ko faɗuwar murfin tukunya sai ta zabura. Daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa. Da muka isa asibiti ban kashe injin ba, na zauna sai da ta farka da kanta.

Ba ta sake ƙin zuwa ba. Kafin ta rasu, da ƙafarta take zuwa gaisuwa maƙwabta, da 'yar sandarta.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya ce ya haƙura da magani, kada ka tsaya yi masa wa'azi. Nemo abin da yake ji masa ciwo a hanya, ka gyara shi. Motar nan har na rabu da ita ba ta ga fenti ba.