Bindigar Baba da Barewar Turawa

Yayana ƙwace bindigar Baba ya yi, ko da yake shi har gobe cewa yake ajiye ta ya yi. Yanar ido ce ta fara rufe wa Baba gani, wata rana ya harbi kututture a bayan gona yana zaton gada ce. Labari ya kai Kano inda Yaya yake aikin gwamnati. Ya zo ƙauye da mota, ya sauke bindigar, tsohuwar adaka, daga jikin bango a gaban mutanen gida har da jikoki, ya jefa ta a bayan mota ya tafi. Mutumin da ya raine mu da naman daji aka bari zaune a kan buzu kamar yaron da aka karɓe wa wuƙa.

Lokacin ina aikin jinya a Landan, wajen ƙarshen shekarun tamanin, muna zaune da maigidana a Barking, a irin jerin gidajen nan da bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci. Da na ji abin da aka yi ban iya cin abinci ba. A gidanmu ni ce na ɗauko zuciyar Baba, kowa ya sani, kuma ba yabo ake yi ba in an faɗa. Na yi ta faɗi-tashi har Baba ya zo Landan, aka cire masa yanar.

Ranar da aka buɗe idon, bai ce mini na tsufa ba, bai ce jikokinsa sun girma ba. Ta taga ya leƙa, ya ce akwai dila a bayan shingen maƙwabcinmu, kuma ƙafarsa ta baya ɗaya tana ɗingishi. Na duba, haka ne. Da yamma ya sa na kira masa Yaya.

Ina tsaye ina jin muryar Yaya tana fita daga wayar.

"Baba, a bar maganar bindigar nan. Girma ya kama ku. Me mutane za su ce, ana ganin mahaifina da walki a daji?"

Na karɓi wayar. "Yaya, idon ya warke. Ni na ga file ɗin da idona."

"Ke nurse ce, ba likita ba. Ki tsaya a matsayinki."

Ai kuwa na tsaya. Akwai wata Baturiya da muke aiki tare, mijinta mai kula da dajin wani attajiri ne a Essex, inda bareyi suka yi yawa suna cinye wa manoma shuka, dole a rage su duk shekara. Ta ce baƙo yana iya harbi da bindigar gidan, muddin mijin yana tsaye kusa da shi. Na jira har likita ya ce Baba zai iya komawa duk abin da ya saba yi. Bai tambaye ni abin da ya saba yi ba, ni ma ban ga dalilin tsawaita zance ba.

Maigidana ya ce in yi tunani. Wata Hajiya da muke zumunci da ita a Tottenham ta bugo waya musamman.

"Da gaske kin yi booking za ki kai tsoho daji? Ke da kanki, mace, a wurin farauta? Ki yi cancel, don Allah, kada ki jawo mana magana."

Na ce mata in naman ya zo zan aiko mata da cinya. Ta kashe wayar, amma cinyar ba ta dawo da ita ba.

Mun fita da asuba, cikin sanyin da ke shiga ƙashi. Na lulluɓe Baba da kwat ɗin maigidana a kan babbar rigarsa, ya sa takalman roba, hularsa kuwa ya ce ba mai taɓa ta. Mijin Baturiyar, wanda muke ce wa mai dajin, dogon mutum ne mai jan fuska, ba ya son yawan magana. Da gari ya ɗan waye ya kafa kwali a jikin tudu, ya ce sai ya ga hannun Baba tukuna. Bindigar tana da madubin hange a samanta, abin da Baba bai taɓa leƙawa ba. Harbin farko ko kwalin bai taɓa ba.

A raina na hango Yaya yana gyara zama a ofis yana cewa ai ya faɗa. Baba bai kalli kowa ba.

"Wannan gilashin ƙarya yake yi," in ji shi. "Yana kawo abu kusa alhali yana nesa. Gaya masa ya ƙara mini harsashi."

Na biyu ya kama gefen kwalin. Na uku ya shiga inda ake so. Mai dajin ya gyaɗa kai, muka shiga daji.

Nan ma sai da aka yi rigima. Suna da wani tsani mai kujera a sama, jingine da bishiya, inda maharbi ke zama yana jiran nama ya zo da ƙafarsa. Baba ya dubi tsanin, ya dube ni.

"Gadin gona aka kawo ni?"

Na gaya wa Baturen a ƙasa za mu bi. Ya ɗaga kafaɗa, ya shige gaba, Baba na biye, ni a baya takalmina na nutsewa a laka. Mun yi tafiya har ƙafafuna suka daina jin kansu. A bakin wani fili muka ga bareyin suna kiwo cikin raɓa. Mai dajin ya nuna wani namiji da ya ware gefe. Baba ya durƙusa a kan gwiwar da kullum yake kuka da ita, ya ɗora bindigar a kan sanda. Na ji bisimillarsa a hankali. Tsoro ya kama ni sosai, ba tsoron ƙarar ba, tsoron kada ya kuskure in mayar da shi gida ƙasa da yadda ya zo.

Barewar ta yi tsalle ɗaya ta faɗi. Kafin in dawo hayyacina Baba ya riga mu isa, ya zaro wuƙar kicin ɗina da ya naɗe a hankici ban sani ba, ya tambaye ni alƙibla, ya yanka.

Sai mai dajin ya tsoma yatsa a cikin jinin, ya nufi goshin Baba yana murmushi. Al'adarsu ce, wanda ya kashe barewarsa ta farko ana shafa masa jini. Baba ya cafke wuyan hannunsa a sama. Na yi masa bayani cikin sauri, cewa ba raini ba ne, haka suke yi wa sabon shiga.

"Sabon shiga," in ji Baba. "Gaya masa ranar da na kashe ta farko ba a yaye uwarsa ba."

Na san mutumin alheri yake nufi. Amma na gaji da ganin ana mayar da Baba yaro, da mugun nufi ko da kyakkyawa. Na fassara maganar yadda take, ban rage mata gishiri ba. Baturen ya fashe da dariya har da tari, ya goge yatsansa a ciyawa.

Da la'asar nama na kan wuta, na kira Kano. Na gaya wa Yaya komai, na ce ya mayar da bindiga inda ya ɗauko ta kafin Baba ya sauka.

"Ke, bindigar nan fa babu ita," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Tun bara na ba maƙeri ya sassare ta. Ki san yadda za ki lallaɓa shi."

"Ba zan lallaɓa kowa ba, Yaya. Ga shi nan, faɗa masa da bakinka."

Na miƙa wa Baba wayar. Ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba ta motsa ba. Ita ce bindigar da mahaifinsa ya bar masa.

"Ka gama?" in ji Baba. "To ka koma wurin maƙerin, ya ƙera wata. Ranar da zan dawo, kai za ka saɓo ta a kafaɗa tun daga bakin kasuwa, da ƙafa, da rigar ofis ɗinka, ka same ni da ita a ƙofar gida."

Na matso da kunnena kusa da wayar. Can na ji Yaya ya ce, "To, Baba."