Wasiƙar 'Yata ga Sarakunan Sifen

Babana ya rasu wata Talata a tsakiyar Disamba, ina shagon kitso a High Point Road, hannuna cikin gashin wata mata. Yayana ne ya kira daga Dakoro. Na yi salati, na ajiye wayar, na ƙarasa kitson. Har matar ta yaba, wai tsagar ta fita. Maganar tafiya gida ba ta ma taso ba. Takarduna na zama a ƙasar nan ba su kammala ba, in na fita ba dawowa.

Kwana uku mutanenmu na Nijar suna zuwa gaisuwa gidanmu a Glenwood. Ina dafa shinkafa, ina amsa "ya haƙuri," ko ɗigon hawaye babu. Ba dauriya ba ce, kada a yaba mini. Ji nake kamar likitan haƙori ya yi mini allurarsa ta kashe zafi a jiki duka. 'Yata mai shekara shida kuwa na tura ta gidan maƙwabciya, na ce baƙi muka yi. Maigidana direban babbar mota ne. Kafin ya koma hanya ya ce, "Ki gaya mata fa." Na ce to. Ban gaya mata ba.

Sau ɗaya ta taɓa ganin kakanta, Baba Tsoho, lokacin da babanta ya kai ta gida tana shekara huɗu. Ya ɗauke ta zuwa kasuwar dabbobi ya ɗora ta kan raƙumi, shi ke nan ta liƙe masa. Duk Lahadi nakan sayi katin waya su gaisa, ita da Turanci, shi da Hausa, ba mai jin wani, sai dariya. Bayan rasuwar, Lahadi biyu ina ce mata layi ne ba kyau.

Maƙwabciyar nan dattijuwa ce 'yar Sifen, tana koyar da yarensu a jami'a, ita kaɗai a gida. Anti muke ce mata. Surutu gare ta, kai! Jajibirin sabuwar shekara ta ja mu gidanta gab da ƙarfe shida na yamma, wai a garinsu sha biyun dare ta kusa. Ta kunna talabijin, ga wani ƙaton agogo, ta ba kowa inabi goma sha biyu, duk bugu ɗaya a haɗiye ɗaya. 'Yata ta cika kumatu tana ƙyaƙyatawa. Ni na haɗiye nawa daidai da agogo, ban ji zaƙi ba, ban ji tsami ba.

A nan ta kawo zancen sarakuna. A ƙasarsu, in ji ta, ba ranar Kirsimeti ake ba yara kyauta ba, sai shida ga Janairu. Wasu sarakuna uku ne ke zuwa daga gabas a kan raƙuma. Yaro ya rubuta musu wasiƙa, ya ajiye takalminsa a bakin taga, ya sa wa raƙuma ruwa a bokiti.

Na ce, "Anti, mu fa Musulmi ne."

Ta ce, "Na sani. Takalmi ne kawai da bokiti, ni zan sayi kyautar."

Da a ce ni ce ta da, da mun kwashi 'yan kallo. Ranar ko ƙarfin musu ba ni da shi. Na ce su yi.

Bayan kwana biyu Anti ta shigo mini kicin. Ta miƙo wasiƙar da 'yata ta yi wa sarakuna, rubutun 'yar aji ɗaya, layi yana hawa yana sauka. Ba keke, ba 'yar tsana. Cewa ta yi tunda raƙuma gare su kuma ta wajenmu za su biyo, su tsaya Dakoro su ɗauko Baba Tsoho, ya iya hawa, ba zai ba su wahala ba. A ƙasa ta ƙara, wayarsa ta lalace.

Anti ta ce, "Wannan ba ni da inda zan sayo shi."

Na ce, "Haka ne." Na ninke takardar, na ci gaba da yanka albasa. Ta tsaya tana kallona, har na ji haushinta. Me take so in yi, in faɗi ƙasa?

Shida ga Janairu ta faɗo Asabar. Da safe muka shiga gidan Anti. Ruwan bokiti ya koma rabi, ita ta zubar mana. Kusa da takalmin ga akwatin fensira masu launi da wata jar riga. 'Yata ta duba, ta leƙa bayan kujera, ta leƙa baranda. Ta dawo ta zauna.

Anti ta fito da burodin ranar, mai zaƙi, zagayayye kamar gammo, an tsaga an cika da kirim. Ta ce an ɓoye ɗan mutum-mutumin sarki a ciki, wanda ya samu shi ne sarkin yini. Ta yanka. Na karɓi nawa, na riƙe. Na ga in ban faɗa yanzu ba, gobe Lahadi ce, zan sake cewa layi ne.

Na kira sunan 'yata. Da Hausa na faɗa, don ban san yadda ake faɗinsa da Turanci ba. "Baba Tsoho ya rasu. Allah ya karɓi abinsa. Baƙin nan da suka zo, gaisuwarsa suka zo."

Ashe tana jin Hausa fiye da yadda nake zato. Bakinta ya karkace, ta fashe da kuka, irin mai shiɗewa. Anti ta rungume ta, ita ma tana hawaye, matar da ko hotonsa ba ta taɓa gani ba. Ina zaune ina kallonsu, kirim yana narkewa a yatsuna.

Can 'yata ta ɗago, fuska jage-jage. Ta dube ni sosai, ta tambaye ni da Turancinta:

"Mama, ke ba babanki ba ne?"

Na ce, "Babana ne."

Ta ci gaba da kallona, tana jira. Na nemi abin da take jira a duk jikina, wallahi na nema. Na ce mata ta ci burodinta.