Tirelar Yaya

Mai Rediyo ya gina rayuwarsa a kan aƙida guda: abin da mutum ya saya nasa ne, abin da ya lalace kuma yana gyaruwa. Da rediyo ya fara tun yana saurayi, ya wuce zuwa talabijin mai ƙaton ƙeya, daga nan ya kama injinan wasan bidiyo, amma sunan farko bai sake shi ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin tela da mai yankan gilashi. Akwai benci, da fanka mai kaɗa kai, da tebur wanda dalma ta ƙone gefensa.

Yayansa tsohon direban tirela ne. Shanyewar ɓarin jiki ta sauke shi daga mota, ya kwanta ya juya fuska ga bango, ko baƙi ba ya so. Magani ya yi nasa, lallashi ya yi nasa, bai tashi ba. Abin da ya tashe shi faifan wasa ne na tuƙin manyan motoci, wanda Mai Rediyo ya saya, ya haɗa masa da sitiyari a kan tebur. Tun daga lokacin, kullum da yamma Yaya yakan jawo ƙafa da sanda har shago, ya zauna, ya ɗauki kaya daga wani gari na cikin allo zuwa wani. Da tafiya ta yi tafiya ya mallaki tirela a cikin wasan, ya yi mata fenti kore irin na tsohuwar motarsa. Har zagin masu ƙananan motoci ya dawo bakinsa, matarsa ta ce a nan ta gane ya samu sauƙi.

Wata rana da yamma tirela ta ƙi fitowa. Allo ya yi fari, rubutu ya cika shi.

Mai Rediyo bai damu ba. A sana'arsa, in inji ya fara rubutu, datti ne ya dame shi. Ya zare faifan, ya hura masa iska, ya goge shi da gefen riga. Bai yi ba. Ya shafa masa man goge baki, ya murza, ya wanke, ya shanya. Bai yi ba. Ya kwance injin, ya canza idon da ke karanta faifai, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da dalma. Yaya ya zo ya tarar da hanjin inji a kan tebur, ya koma. Kashegari ya zo ya koma. Daga nan bai ƙara zuwa ba, matarsa ta aiko cewa ya sake juyawa bango.

Ana cikin haka 'yar Mai Rediyo, wadda ke aiki a kantin wayoyi, ta biyo ta shagon. Ita ce da ma ta haɗa injin da intanet ranar da aka saya. Ta sa ya mayar da kayan, ta karanta rubutun. Sannan ta bayyana masa cewa injin lafiyarsa ƙalau. Kamfanin ne ya rufe wasan. Hanyoyi da garuruwa da tirelar Yaya duk ba a cikin faifan suke ba, suna can a na'urorin kamfani, kuma an kashe su. An fitar da sabo wanda ba shi da faifai, sai dai mutum ya riƙa biya kowane wata. Ta ƙara da cewa an daɗe ana sanarwa a allo.

Ya tuna rubutun da yake korewa da maɓalli kullum, amma bai faɗa ba. Ya ɗaga faifan, wanda ya sha murza har yana ɗaukar ido.

"To wannan da na saya, mene ne shi?"

"Mabuɗi ne, Baba."

"Mabuɗi? Su sayar mini da mabuɗi, su rushe ɗakin?"

Ya ce ta kira masa mai kamfanin. Ta ce babu mutumin da za a kira. Ya ce shi bai taɓa gyara rediyo ya bi mutum gida yana karɓar kuɗin sauraro ba. Tela ya leƙo ya ce ai dabara ce mai kyau, shi ma zai fara warware ɗinkin duk wanda bai biya kuɗin sa riga ba. Mai Rediyo bai yi dariya ba. Ya rantse ba zai yi hayar abin da ya riga ya saya ba.

Da yamma ya je duba Yaya, ya tarar da abinci a rufe ba a taɓa ba. Ya dawo ya ce wa 'yarsa ta yi abin da za ta yi a biya kuɗin sabon wasan, amma kada ta gaya wa tela.

Sai da aka sha fama kafin Yaya ya yarda ya zo. Ya zauna, ya kama sitiyari, ya nemi tirelarsa. Babu ita. Sabon wasan bai san shi ba. Wata 'yar mota aka ba shi a filin koyo, murya tana nuna masa inda birki yake.

"Ni za a koya wa birki?" in ji Yaya. "Ƙane, karen mota ka mayar da ni?"

 'Yar Mai Rediyo ta ce ba a tsallake darasin, sai an ci shi ake ba da babbar mota.

Yaya ya yi tsaki, ya gaya wa muryar cewa tun ba a haifi ubanta ba yake juya tirela a kan gada. Sannan ya gyara zama, ya jingine sandarsa, ya ce a matsar da fankar nan tana kaɗa masa ido. Ya sa ribas.